Uwar da Ta Bi Sawun Ɗanta Cikin Hamada: Nazari a Kan Fim ɗin Shaihu Umar

Wanda ya sauka a tashar motar Ngong, garin nan na kasuwar masara da gyaɗa da ke kimanin kilomita 40 kudu da Garwa a kan hanyar Ngaundere, ba zai sha wuyar samun fim ɗin Hausa ba. Akwai samari masu ɗan tebur da kwamfuta, a miƙa musu waya da 'yan kuɗi kaɗan, su cika ta da finafinan Kano har sai ta ƙi karɓa. Amma in mutum ya ce a sa masa Shaihu Umar na Adamu Halilu, da wuya ya sami wanda ya taɓa jin sunan. Samarin ba su da laifi. A Nijeriya an daɗe ana karanta littafin Shaihu Umar a makarantu, amma yaron Ngong da Faransanci ya yi karatunsa, fim ɗin kuwa ya yi shekaru masu yawa ana zaton ya ɓata. Duk da haka, a wurin masu tara tsofaffin finafinai da masu adana su a Turai da Legas da Jos, wannan fim yana da daraja ƙwarai. Ya kamata a bincika abin da suke gani a cikinsa, a kuma bincika ko abin da suke gani shi ne abin da ya fi muhimmanci.

Asalin labarin littafi ne. A shekara ta 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan zamani ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East ɗin kansa. Shaihu Umar kuwa wani matashin malamin makaranta ne daga Bauchi ya rubuta shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966. Mervyn Hiskett ya juya littafin zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sa'an nan a 1976 Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim mai launi, da harshen Hausa, tsawonsa minti 142, Umaru Ladan ne kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar. An yi shi ne a jajiberin bikin FESTAC na 1977, shekara goma sha huɗu kafin Turmin Danya, wanda aka saba cewa da shi aka buɗe kasuwar finafinan Hausa na kaset a Kano a 1990.

Fim ɗin ya soma da babban malami zaune a tsakanin almajiransa. Suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Sauran fadawa suka yi wa Makau hassada, suka ƙulla masa sharri a kan rabon bayin da aka kamo a wani hari, sarki ya kore shi daga gari. Cikin wannan hargitsi aka raba yaron da uwarsa. Aka sace shi, ya faɗa daga wannan hannu zuwa wancan, har ya kai ga wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, wanda ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa, ya haye da shi hamada, ya sa shi makaranta. Umar ya yi karatu mai zurfi har ya zama limami. Wata rana ya yi mafarki, hankalinsa ya tashi, ya ƙudura neman uwarsa.

Ita kuwa ba ta zauna tana jira ba. Ta fita neman ɗanta, ita ma aka kama ta, aka sayar, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus. A can ne suka gamu, ta riga ta tsufa, wahala ta cinye ta, ba ta kuwa daɗe ba bayan ganawar ta rasu.

Sunan ɗan ne a kan fim ɗin, amma nauyin labarin yana wuyan uwar. Umar mutum ne da abubuwa suke faruwa da shi. A ɗauke shi, a ajiye shi, a koya masa, a naɗa shi. Da wuya a nuna wurin da ya zaɓi wani abu da kansa kafin mafarkin nan. Uwar ce kaɗai ta yi zaɓi mai tsada: tana da 'yanci, tana da miji da ke jiranta, ta bar duka ta shiga hanyar da kowa ya san mace ita kaɗai ba ta fita daga cikinta lafiya. Abin da ya tura ta wani irin baƙin ciki ne da ba shi da wurin sauka. Wadda ɗanta ya mutu tana da kabari, ana yi mata zaman makoki, maƙwabta su zo su yi mata ta'aziyya, kwanaki su cika a watse. Wadda ɗanta ya ɓata ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ta yi makoki, ta kashe shi ke nan da bakinta. In ta ƙi yi, zuciyarta ba za ta kwanta ba har abada. Wata masaniyar halayyar iyali a Amurka, Pauline Boss, ta rubuta littafi a 1999 a kan irin wannan rashi, inda ta nuna cewa rashin tabbas ɗin shi ne yake daskarar da mutum, ya hana shi ci gaba, ya hana shi komawa. Tafawa Ɓalewa bai jira masana ba. Tun a 1933 ya zana wannan hali a jikin mace ɗaya, Adamu Halilu kuma ya ba shi fuska da murya.

Akwai kuma baƙin ciki na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne na mai ba da labarin. Dattijon da yake zaune a tsakiyar almajirai, kowa yana girmama shi, shi ne yaron da aka sace. Duk abin da mai kallo ya gani a cikin sa'o'i biyun nan da 'yan mintoci, daga tunanin wannan dattijo ya fito. Har ma wahalar uwarsa, wadda ba ya nan sa'ad da ta sha ta, ta bakinsa ake jinta. Watau ya tattara ta daga baya, ya riƙe ta shekara da shekaru. Yana magana da natsuwar malamai, yana jingina kome ga ƙaddara, amma mutum ba ya riƙe labari dalla-dalla haka sai in abin yana ci masa rai. Ilimi da rawani sun rufe ciwon, ba su warkar da shi ba. Wannan ne ya sa ya dace a kira fim ɗin labarin zuci, ko da yake cike yake da dawakai da raƙuma da ayari.

Mai karatun da ya saba da Littafi Mai Tsarki ba zai rasa tunawa da Yusufu ba: yaro da aka sayar, aka kai shi ƙasa mai nisa tare da ayarin fatake, ya ɗaukaka a can. Kamancin a fili yake, amma bambancin ya fi koyarwa. A Littafin Farawa, an kawo wa Yakubu riga mai jini, ya gaskata ɗansa ya mutu, ya ƙi ta'azantuwa. Daga baya kuwa ya ga Yusufu da idonsa, ya ƙara shekara 17 a Masar kusa da shi. Uwar Umar ba a kawo mata ko riga ba, da ta ga ɗanta kuma ba a ba ta ko damina ɗaya ba. Labarin ya hana ta ladan da mai kallo yake ta roƙa mata, wannan ƙin kuwa shi ne gaskiyarsa mafi girma. Da marubucin ya so faranta wa mutane rai, da ya komo da su biyu gida ana kiɗa. Ya san cewa a cikin dubban da aka haye da su hamada, waɗanda suka sake ganin 'ya'yansu ko na yini ɗaya ba su da yawa.

Fim ɗin yana da aibobi, bai kamata ƙaunar tsohon abu ta sa a rufe ido a kansu ba. Tafiyarsa a hankali take ƙwarai, ana kuma jin ƙanshin dandalin wasan kwaikwayo a jikinsa, gama daga can ya biyo. Wanda ya saba da finafinan Kano na zamani, masu waƙa da rawa irin ta Indiya, zai iya ƙosawa tun ba a yi nisa ba. Wannan ƙaramin abu ne, haƙuri yana maganinsa.

Babban abin yana cikin ƙashin labarin. Abdulkarim mutumin kirki ne a wurin Umar, amma sana'arsa ta haɗa da cinikin mutane. Hanyar da ta kai yaron ga ilimi da girma ita ce ta kai uwarsa ga sarƙa. Labarin ya nuna duka biyun, sai dai ya fi jin zafin bautar da aka yi wa 'ya'ya, watau waɗanda bisa ga dokar zamanin bai halatta a bautar da su ba. Mutanen ƙauyukan Gwari, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, waɗanda Makau da abokansa suka kai wa hari tun a farkon labari, ba su da suna. Ana gardama a fada a kan ko bayi nawa Makau ya kamo, babu mai tambaya ko su ma suna da uwaye. Ga kowane yaro da aka ɗaure a wannan hari akwai wata mace da ta tsaya a bakin ƙauye tana kallon hanya, kamar yadda uwar Umar ta yi, amma labarin bai juya ya dube ta ba.

A nan ne mai kallo na kwarin Binuwai yake da abin faɗa da mai kallo na Berlin ba shi da shi. Tun daga sa'ad da Modibbo Adama ya karɓi tuta a farkon ƙarni na 19, ya kuma kafa Yola a 1841, ƙasar Adamawa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake samo bayi ana kai su Sakkwato da Kano da kasuwannin hamada. Lamidodin Garwa da Rai Buba da Ngaundere da Tibati duk suna cikin wannan tsari. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, amma bautar gida ba ta mutu a ranar ba. A Arewacin Nijeriya sai a 1936 aka yi dokar da ta kawar da ita gaba ɗaya, watau littafin Shaihu Umar ya riga wannan doka fitowa. A Ngaundere kuwa, har cikin shekarun 1950 bayi suna gudu zuwa tashar mishan ta mutanen Nowe, inda Halfdan Endresen ya yi suna wajen tsaya musu. Da yawa daga cikin masu bi da ke cika majami'u a Arewacin Kamaru da tsakiyar Nijeriya, suna waƙa da addu'a da Hausa ko Fillanci, jikokin mutanen da aka kai wa irin wannan hari ne. In suka kalli fim ɗin, za su iske kakanninsu a gefen hoto.

Wannan ba dalilin ƙin fim ɗin ba ne. A yi wa Tafawa Ɓalewa adalci: saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ma'aikaci a ƙarƙashin sarakuna da Turawa, ya rubuta yadda fada take cin amanar bawanta mai gaskiya, da yadda fatauci yake mai da mace haja, a lokacin da tsofaffin iyayengiji da tsofaffin bayi suke raye a unguwa ɗaya. Ƙarfin hali ne wannan. Ya buɗe ƙofa rabi. Mai kallo mai hankali zai iya tura sauran, ya ɗauki kukan uwar Umar ya auna na sauran matan da shi. Kuma kada a ɗauka Musulmi ne kaɗai ko Kirista ne kaɗai yake da rabo a wannan ciwo. Matar da ke cikin labarin Musulma ce, waɗanda suka sayar da ita ma haka.

Har wa yau, labarin bai tsufa ba yadda ake so ya tsufa. A watan Afrilu na 2014 an sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗansu iyayen kuwa sun rasu ba su sake ganin 'ya'yansu ba. A jihar Arewa ta Kamaru, musamman wajen Mayo Rai da Tuboro, satar mutane domin kuɗin fansa ta sa manoma da makiyaya da yawa sun sayar da shanu da hatsi, waɗansu sun bar ƙauyukansu. Fastoci da dattawan ikilisiya sun san tsarin jana'iza sarai, sun san abin da za a karanta da abin da za a rera. Abin da babu tsarinsa shi ne yadda za a zauna da matar da ɗanta bai mutu ba, bai kuma dawo ba. Sau da yawa akan yi mata gaggawa, a ce ta yi haƙuri ta manta, ko a yi ta ɗora mata alkawaran da babu mai ikon cikawa. Fim ɗin nan, da jinkirinsa da ake kuka da shi, yana tilasta wa mai kallo ya zauna da irin wannan mace na tsawon lokaci, ba tare da ya ce mata kome ba.

Sai batun masu tarawa. Fim irin na da a kan wani dogon zare ake ɗaukarsa, a naɗe a zuba cikin gwangwanaye. Zare mai faɗin milimita 35 yana cin kimanin mita 27 a kowane minti, saboda haka fim mai minti 142 ya kusa kilomita huɗu in aka warware shi. Zafi da laima su ne abokan gabansa. In suka shige shi yakan soma warin tsami kamar ruwan kal, ya ƙanƙance, ya lauje, launinsa ya koɗe. Ƙasa mai zafi kuwa, wadda wutar lantarki ba ta tsayawa, ita ce mafi munin wurin ajiyarsa. An daɗe ana lissafa Shaihu Umar cikin finafinan da suka salwanta, sai a 2016 aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi da taimakon ofishin jakadancin Jamus a Abuja, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Gyaran ba ƙaramin aiki ba ne, domin a kowace daƙiƙa hoto 24 ne suke wucewa, ga fim ɗin duka sun haura 200,000, kowanne kuwa sai an ɗauke shi a kwamfuta. Didi Cheeka, mai shirya finafinai kuma mai nazarinsu a Legas, yana cikin waɗanda suka tashi tsaye a kan ceton irin waɗannan gwangwanaye.

Ba wuya a gane abin da ya ja hankalin masu tarawa. Finafinan Hausa da aka ɗauka a kan zare kafin zamanin kaset, yatsun hannu sun isa ƙirga su. Marubucin labarin Firayim Minista ne da aka kashe. Ga tufafi, da gine-gine, da kayan doki, da lafazin Hausar shekarun 1970, waɗanda ba za a sake samun su a haka ba. Fiye da kome kuma, ga labarin ɓata da samuwa, wanda yake da daɗin faɗa a wurin taro: fim a kan ɗan da ya ɓata, shi ma ya ɓata, aka same shi bayan shekara arba'in. Masu tarawa suna son irin wannan dacewa, wani lokaci har su fi son ta da abin da ke cikin gwangwanin.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin mutum biyu da sukan yi kama daga nesa. Akwai mai tarawa wanda ƙarancin abu ne yake ba shi daɗi. In kowa ya samu, darajar ta faɗi a idonsa. Akwai kuma mai adanawa, wanda yake ɓoye abu daga zafi da gara domin a fito da shi a nuna. Na farkon yana da amfaninsa, gama sau da yawa rowarsa ce take ceton abin da hukuma ta yar. Duk wanda ya ajiye akwatin kaset ɗin finafinan Kano na shekarun 1990 a ƙarƙashin gado a Garwa ko Yola, yana riƙe da abin da wataƙila masu shirya finafinan kansu ba su da shi yanzu. Amma fim a kan makoki ba tsohon kuɗi ba ne da za a sa a gilashi. Ba ya aikinsa sai yana gaban idon mutane, musamman mutanen da suka san ciwon. Aikin da aka yi wa Shaihu Umar irin na mai adanawa ne, ya kuwa cancanci yabo. Sai dai rabin hanya aka zo, muddin ya fi sauƙi ga ɗalibin jami'a a Jamus ya kalle shi fiye da matar da ke sayar da gyaɗa a kasuwar Ngong, wadda take jin Hausar da ake yi a ciki ba tare da fassara ba.

Gidajen silima ba za su yi wannan aiki ba. Ribadou na Garwa ya daɗe da rufewa, a watan Janairu na 2009 kuma Abbia na Yawunde da Wouri na Duwala da Empire na Bafusam suka rufe ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka buɗe daga baya kuwa a manyan biranen kudu suke. Abin da ya rage a arewa shi ne waya, da ɗakunan kallo na unguwa, da filayen makarantu da na majami'u, inda aka saba rataya farin ƙyalle a ta da janareta. Ana bukatar izinin masu haƙƙin fim ɗin, da fassarar Faransanci ko Fillanci a ƙasan hoto domin waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, da kuma wani dattijo da zai tsaya bayan an kashe na'ura ya tambayi jama'a sunayen ƙauyukan da kakanninsu suka ce an kwashe.